Hular Yatsan Yaya Hauwa

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yawan tambayar da mata suke yi mini game da hannun yayata Hauwa. Wasu a gabanta suke tambaya, wasu sai ta tashi su matso kusa da ni su rage murya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, don duk wadda ta ji guntu sai ta ƙarasa da nata. Har na ji an ce wai jifa aka yi mata. Ba jifa ba ne. Ga yadda abin ya faru, da izininta, ko Allah zai sa wata ta tsira da nata hannun.

Ni Binta, uwa ɗaya uba ɗaya muke da Yaya Hauwa. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu, ita ta tsaya tsayin daka har na gama sakandare. Dukanmu a Badarawa muke aure, layinmu ma ɗaya. Mijinta Malam Idi tela ne a kasuwa. 'Ya'yanta biyu duk maza, suna karatu a Zariya, shi ya sa da ciwon ya zo jinyar ta faɗo a kaina, kuma ban so ta faɗa kan wani ba.

Duk wanda ya san Yaya ya san ta da ulu a cinya. Ba sana'a ta ɗauki saƙa ba, ba ta taɓa sayar da ko safa ɗaya ba. Sha'awa ce kawai Allah ya sa mata. Maƙwabciyarta Maman Ladi, malamar firamare, Kirista 'yar kudancin Kaduna, ita ta koya mata saƙa da tsinke biyu tun suna amare. Daga baya ta koya mata ɗinkin kuros, wanda ake ƙirga zaren yadi ana gicciya ɗinki ɗaya a kan ɗaya har fure ko ɗawisu ya fito. Ba a daɗe ba ɗaliba ta wuce malamarta. Babu jaririn da aka haifa a layinmu bai sa hula da safar Yaya ranar suna ba. Rigunan filo, mayafin rediyo, mayafin talabijin, duk gidan da ka shiga sai ka ga hannunta. Bayan la'asar su biyu za su shimfiɗa tabarma a barandar Yaya, tsinke yana ƙas-ƙas, hira tana tafiya, ni ina gefe ina naɗe musu ulu.

Tun kafin maganar yatsa akwai alamomi, amma kowace alama sai muka samo mata uzuri a cikin saƙar. Ta rame, muka ce in ta zauna da ulu mantawa take yi da abinci. Ƙishirwa ta dame ta, kofin ruwa ba ya barin gefen kwandon saƙarta, alwala kuma ba ta zama, tsakanin magariba da isha sai ta sake. Muka ce zafi ne. Ido ya fara yi mata hazo, tana ɓata ƙirgar zare, Malam Idi ya sayo mata tabarau a kasuwa aka ce ƙura wa aiki ido ne. Sannan ta fara cewa kan yatsunta kamar ba nata ba, kamar ta sa safar hannu.

"Ai dole," in ji ta. "Shekara nawa ulu yana bi ta kan yatsan nan? Kanta ce."

Muka yarda kanta ce.

A tsakiyar damina aka sa ranar bikin Ladi, 'yar Maman Ladi ta fari, za a yi bayan ruwa ya ɗauke. Yaya ta ce gudummawarta mayafin teburi ne babba, farin yadi mai kauri, jajayen furanni zagaye da shi. Ta ce yarinyar a bayanta ta girma, ba za ta kai mata kwano kamar kowa ba. Wata ranar Talata tana tura allura cikin yadin, sai gindin allurar ya shige mata kan manunin dama. Ba ta ji ba. Jini ta gani a kan yadi.

"Wayyo yadina! Binta, yi maza kawo ruwan sanyi da gishiri."

Muka taru a kan yadi muna goge tabo. Yatsan kuwa tsotse shi ta yi, ta ci gaba da aiki.

A makon farko kan yatsan ya kumbura ya yi ja. Kowa ya gani ya ce karkare ne. Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga Rigachikun a ranar kasuwa, ta riƙe hannun ta juya shi.

"Kada wanda ya kai ki asibiti, Hauwa'u. Karkare ba ya son ƙarfen likita. Yana gani zai gudu cikin ƙashi."

Ta huda lemun tsami ta cusa yatsan a ciki. Washegari ta kwaɓa lalle da kanwa ta lafta masa. Ta ce a ɗaure gindin yatsan da zare, ɗauri mai kyau, don kada ciwon ya hau. Zaren da ke kusa ulu ne, sai Yaya ta yanki ja ta naɗe. Gwaggo ba mugunta ta yi ba. Abin da ta gani iyayenta suna yi ta yi, kuma mutane da yawa ta yi wa sun warke. Ba ta san abin da ke cikin jinin Yaya ba, mu ma ba mu sani ba.

To, ga lalle a yatsa, ga farin yadi yana jiran a ƙarasa. Wata mace da tsumma za ta naɗe, ko ta ajiye aikin. Yaya sai ta ɗauko siririn ulu da ƙananan tsinkenta, ta yi amfani da yatsan tsakiya, ta saƙa wa yatsan hula. Ƙaramar hula daidai shi, har da ɗan tuntu a kai. Da ta fito da ita baranda muka yi ta dariya har da hawaye.

Maman Ladi ta ce, "Ƙawata, wannan jaririn yaushe ne sunansa? A gaya mana mu daka fura."

Malam Idi da ya dawo ya ce shi shekara da shekaru yana roƙon hular sanyi bai samu ba, ga yatsa ya riga shi. Yaya ta ji daɗin yabon, ta saƙa wasu, shuɗiya, ruwan ɗorawa, kowace da zanen da za ta ɗaura. A ɗaki take canjawa, ita kaɗai, ita take wankewa. Daga ranar babu wanda ya sake ganin yatsan. Hula muke gani.

In aka tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi, ko zugi ba ya yi. Mu kuwa mun san karkare da hana barci, mun san manyan maza da ya sa kuka. Da muka ji nata ba ya zugi sai muka ce Alhamdulillahi, mai sauƙin ne ya zo mata. Wannan rashin zugin shi ne babban abin tsoron, amma sai daga baya aka gaya mana.

Haka aka ci mako na biyu, aka shiga na uku. Na lura aikin mayafin ya rage sauri. Na lura tana yawan kunna turaren wuta a ɗaki ko ba baƙi. Wata ranar Alhamis bayan azahar na shiga na tarar da ita kwance cikin bargo tana rawar sanyi, ga rana tsaka. Na zauna bakin gado, sai wani wari ya taso mini daga ƙarƙashin ƙamshin turaren. Na san warin nan. Na taɓa jin sa a naman da ya kwana a firji bayan an ɗauke wuta.

"Yaya, mu ga hannun."

"Bar shi, lalle ne ya daɗe."

"Yaya, don girman Allah."

Ban taɓa yi mata musu ba tun da na taso, amma ranar na riƙe hannun ban saki ba. Hular ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi ta fita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yatsan ya yi baƙi, ba baƙin lalle mai ja a ciki ba, baƙin gawayi. Na taɓa shi na ji sanyi. Jan ulun nan ya nutse cikin nama har ba a ganinsa sosai, bayan hannun kuma ya kumbura yana sheƙi.

"Tun yaushe ya zama haka?"

Ta kawar da kai. "Na ce in na gama mayafin sai in nuna. Saura gefe ɗaya, Binta."

Na fita ko mayafi ban ɗauka ba na buga wa Maman Ladi ƙofa. Da ta zo ta gani sai ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Can ta ce, "Hauwa, saboda teburi? Saboda teburin Ladi?" Ta ɗauki almakashin saƙa ta yanke ulun. Muka aika kasuwa aka kira Malam Idi.

Lokacin wahalar man fetur ce, motocin haya duk suna layi a gidan mai. Sai washegari bayan asuba wani maƙwabci mai tasi ya taimaka ya kai mu babban asibiti. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don akwai mutanen kirki a ciki. Mun tarar da layin kati ya fito har waje. Daga layin kati sai layin benci, kana matsawa da ɗuwawu kaɗan-kaɗan. Yaya ta jingina da kafaɗata, jikinta kamar garwashi. Wata ma'aikaciya ta zo wucewa, ta ji warin, ta toshe hanci ta ce a gaban kowa, "Ku dai ba kwa zuwa sai abu ya ruɓe." Gaskiya ta faɗa, amma da ta faɗe ta a hankali da ta fi samun lada.

Sai bayan an sauko daga Juma'a muka ga likita, wani dattijo mai furfura a gemu, idonsa ja don gajiya. Ya dubi hannun ya daɗe. Ya ga zoben da ulun ya bari.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki wani tsinke yana tsikarin sauran yatsun, yana tambaya, "Kin ji? Nan fa?" Yaya tana girgiza kai. Ya tambayi ƙishirwa, ya tambayi fitsari, ya tambayi rama da hazon ido, kamar yana zaune da mu a baranda duk watannin nan. Aka gwada fitsari da jini. Ya ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinta, shi ya kashe mata jin zafi a yatsu, shi ne kuma yake hana ƙaramin rauni warkewa. Ɗaurin ya tare ɗan jinin da ke zuwa, ulu kuma ya riƙe danshi da zafi a kan ciwon. Sannan ya dubi Malam Idi.

"Malam, wannan yatsan ya mutu. Ba shi muke ceto ba yanzu. Hannu muke ceto."

Aka ce a kwantar da ita, amma babu gado. A baranda muka shimfiɗa tabarma, aka rataya ƙarin ruwa a jikin taga, sai da aka sallami wata muka samu wuri a ɗakin mata. Komai kuma saye ne. Auduga, bandeji, safar hannun da za a duba ka da ita, sirinji, ruwan da za a ƙara, duk sai an rubuta maka ka fita kemis na bakin titi. Yau ka sayi magani, jibi ka koma ya tashi. Malam Idi ya daina zuwa shago, ɗinkin mutane ya taru. Ɗan kunnen gwal ɗin da Inna ta bar wa Yaya shi ya fara tafiya, daga baya nawa ya bi shi. Ban yi baƙin ciki ba, don wannan ranar aka ajiye su.

Likita ya so a cire yatsan a cikin makon. Yaya ta ce a'a. Na ɗauka saƙa take tunani, na fara lallashinta cewa mutane suna saƙa da wasu yatsun. Ta dube ni kamar na yi wauta.

"Binta, manuni ne fa. Da shi nake tahiya. Tun ina yarinya da shi nake shaida Allah ɗaya ne. In je gaban Ubangiji in ce na bayar an yanke?"



'Yan uwa suka cika asibiti, kowa da tasa. Gwaggo ta zo da kuka, ta ce ita ta faɗa, ga shi daga zuwa sai maganar yanka. Ta ce akwai wani mai magani gaba da Rigachikun da yake tayar da yatsan da ya fi wannan lalacewa. Wani kawunmu ya kawo rubutu, muka karɓa ta sha, don wannan ba ya hana magani. Wata ta kawo saiwa a ɓoye cikin kwanon tuwo. Wani ya ce likitoci yanka suke so don su koya wa ɗalibai. Malam Idi, bawan Allah, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce shi ba zai sa hannu a takardar tiyata ba sai mai yatsa ta yarda, kuma ba zai fitar da ita daga asibiti ba. Haka muka tsaya a tsakiya, ana allurar kashe ƙwayoyin cuta, ana allurar suga, ana wankin ciwo, baƙin kuma yana tafiya a hankali.

Mako na gaba likita ya zo zagaye, ya buɗe bandejin. Yatsan tsakiya ya fara canja launi daga gindi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya ce:

"Makon jiya yatsa ɗaya na roƙa. Yau biyu nake roƙo. In kuka ƙara mako kuna shawara, daga nan zan fara."

Ya ɗora yatsunsa a wuyan hannunta. Har yau in na rufe ido ina ganin hannunsa a wurin.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa, kowa Iya yake ce mata, an yanke mata ƙafa daga gwiwa saboda wannan ciwon. Ba ta da yawan magana. In lokacin salla ya yi sai 'yarta ta miƙo mata dutsen taimama, ta juyar da ita gabas, ta yi sallarta a kishingiɗe tana sunkuyar da kai. A ranar, da la'asar, Yaya ta zuba mata ido har ta sallame. Sannan ta yi nata sallar a zaune, hannun a kan cinya. Da ta idar sai ta kira ni.

"Binta."

"Na'am, Yaya."

"Tun shekaranjiya nake ƙoƙarin ɗaga shi a tahiya. Ba ya tashi. Ina ce masa tashi, ba ya ji." Hawaye suka zubo mata. "Ashe ya riga ni tafiya, ni ce nake riƙe da gawa. Je ki kira mini Malam."

Malam Idi ya sa hannu a takardar. Amma yarda ba ita ce ƙarshen jira ba. Aka ce sai sugan ya sauka. Da ya sauka aka ce a kawo jini. Malam Idi ya bayar, maigidana ya bayar, mijin Maman Ladi ma ya zo daga ofis ya naɗe hannun riga bai jira an roƙe shi ba. Ranar da aka sa, aka ɗauke wuta, injin asibiti kuma babu mai. Yaya ta wuni da yunwa a banza. Kowace safiya kafin a naɗe bandeji sai in leƙa in ga inda baƙin ya kai, ina roƙon Allah ya tsayar da shi kafin ya kai inda likita ya nuna. A karo na biyu Allah ya nufa aka shiga da ita da hantsi.

Muna zaune a benci, ni da carbi, Maman Ladi kusa da ni idonta a rufe bakinta yana motsi. Da likita ya fito ya ce an cire biyu, an kankare tafin hannun, sauran kuma sai yadda jiki ya karɓa, amma yana sa ran hannun ya tsira. Gwaggo ce ta fara faɗuwa sujada a kan simintin.

Aka miƙo wa Malam Idi yatsun a ƙunshe. Da ma ya zo da ƙyallen farin alawayyo daga shagonsa, ya daje bakinsa da kansa. Ya naɗe su, shi da maigidana suka kai maƙabarta suka binne. Da Yaya ta farfaɗo abin da ta fara tambaya ke nan. Da aka ce an binne ta ce, "Alhamdulillahi. Allah ya sa su yi mini shaidar alheri."

Mun ƙara fiye da wata a asibiti, don raunin mai suga ba ya gaggawa. Wankin ciwo kullum. Inda ake da sauran jin zafi a tafin hannun kuwa, Yaya mai kunya sai ga ta tana ihu a gaban mutane. Akwai wata Sista 'yar gajeruwa, ban san ko daga wane gari take ba, in ita ce da aiki sai ta jiƙa bandejin ta jira ya saki da kansa, tana jan Yaya da hira, "Mama, in kin warke ni ce ta farko a layin suwaita." Akwai kuma wadda take fizgewa tana kallon agogo. Na yi wa ta farko addu'a da yawa. Ta biyun na bar ta da Allah, wataƙila ita ma da abin da ke cinta, don an ce watanni ba a biya su ba.

Sistar kirkin ce ta koya mini yin allurar suga. A jikin lemo na fara. Ta ce, "Hannun da ya iya sa zare a allura ba zai kasa wannan ba." Ranar da na fara yi wa Yaya a cinya ni na runtse ido, ita ta ce, "Buɗe idonki mana, ni za ki soka ba katifa ba."

Muna asibiti aka yi bikin Ladi. Washegarin biki sai ga amarya da ango har ɗakin mata, sun durƙusa bakin gado. Maman Ladi ta riga ta ɗauki mayafin yadda yake, gefe uku da furanni, gefe ɗaya fari fat. Na ce ko in gwada ƙarasawa, Ladi ta ce kada wanda ya taɓa, gefen nan bango zai kalla. Yaya ta yi dariya, ita ce dariyarta ta farko tun da muka zo.

Komawa gida ta zo da nata nauyin. Maganin allurar yana son sanyi, wuta kuma ba ta zama, sai muka zuba jiƙaƙƙen yashi a ƙaramar tukunya muka binne kwalbar a ciki, a gindin randa. Shayi babu sukari, tuwon masara sai ɗan kaɗan. Maman Ladi ta sa aka riƙa aiko mata acca daga garinsu, ta koya mini dafa ta. Amma Yaya ta zama wata iri. Ba ta fita baranda. Ta kasa riƙe lomar tuwo, cokali kuma kuɓuce mata yake yi, ta ƙi ci da hagu a gaban kowa, sai an fita an ja mata labule. In baƙi suka zo dubiya sai ta tura hannun ƙarƙashin mayafi, su kuma idonsu yana kan mayafin. Ta ce in kwashe ulu da tsinke da zaren kuros in kai wa duk wanda yake so. Na kwashe na kai ɗakina na ɗora a kan kwaba.

'Yan uwana mata, musamman masu aikin allura, ga abin da na koya. In yatsunki suka fara mutuwa, kada ki ce kanta ce. In ƙishirwa da fitsari da rama suka haɗu, ki je a gwada, gwajin ba shi da wuya. Ciwon da ya kumbura bai yi zugi ba ya fi mai zugi haɗari. Kada a ɗaure gindin yatsa da zare. Kuma duk raunin da aka rufe, ko da me aka rufe shi, wani ya buɗe ya gani da idonsa kowace rana, ko mai ciwon ta yi fushi. Gara ta yi fushi da hannunta cikakke. Ina godiya ga Allah da ya bar mana Yaya da hannunta. Likitan nan da Sistar nan da duk wanda ya ba da jini ko ya tako dubiya, Allah ya saka da alheri. Iya ta rasu bayan an sallame mu, Allah ya jiƙanta. Masu jinya a gida da asibiti, Allah ya ba ku haƙuri ya dafa muku.

Ɗinkin kuros dai Yaya ta yi ban kwana da shi, yatsa uku ba sa riƙe ƙaramar allura yadda ake so, idon ma bai koma kamar da ba. Saƙa ma mun cire rai. Sai bayan ƙaramar salla, wata la'asar, Maman Ladi ta shigo da wasu dogayen tsinke, ta zauna a bakin gadon Yaya ba a ba ta wuri ba. Ta maƙale tsinken dama a hammatarta, ta matse shi da dantse, hagu yana kai da komo, yatsa biyu kawai take zagaya ulu da su.

"Haka wata tsohuwar baturiya take yi a makarantarmu ta mishan. Muna yi mata dariya. Jiya na tuna da ita."

"Ni za ki mayar 'yar aji ɗaya?" in ji Yaya, fuskarta a bango.

"Da can ma a aji ɗaya na same ki. Tashi, malama ba ta son gardama."

Ba ta tashi ranar ba. Maman Ladi ta bar tsinken a kan gado ta tafi. Bayan kwanaki Yaya ta aiko in kawo mata ulu ɗaya, wanda ba a so. Tsinke ya yi ta zamewa daga hammata, ulu yana kuɓucewa, dungun yana tsami sai ta huta. Ba na kallonta in tana yi, sai in kama tsintar shinkafa. A hankali wani abu ya fara saukowa daga tsinken, faɗin tafin hannu, wani wuri a tsuke, wani wuri a sake, ga ramuka inda saƙar ta zame.

Ranar da ya kai tsawon taƙi muka fito da ita baranda. Malam Idi ya ɗaga shi sama yana cewa wallahi ya yi kyau. Maman Ladi ta ce a kai makarantarsu a nuna wa yara. Ni kuka nake yi. Yaya ta karɓa, ta sa tabarau, ta shimfiɗa shi a gwiwa, ta bi shi da kallo layi-layi. Sai kawai ta zare tsinken, ta kama bakin ulun da babban yatsa da na kusa da ƙarami, ta ja. Saƙar ta fara warwarewa, aikin makonni yana zuba a cinyarta.

"Yaya! Me kike yi?"

Ba ta ɗago ba.

"Wannan zan sa wa ɗan mutane? Ko ɗan akuya ba zan sa wa ba. Share hawayen nan ki matso, Binta. Kama nan ki naɗe mini, daga farko za mu sake."